Amsoshin Tambayoyinku: Mai Shagon Waya Da Inshora

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Kurfi ya rubuto cewa yana da shago a bakin kasuwa, yana cajin waya, yana kuma karɓa wa mutanen ƙauye saƙo daga 'yan'uwansu da ke cin rani. Yayansa da ke Dutsin-Ma ya ce masa ya yi inshora. Shin me za ta tsare masa?

AMSA: To Malam, madalla da wannan tambaya. Da farko ka sani, dukiya iri biyu ce a shagonka. Akwai taka, wato janareta, batura, faifan sola da kanta. Akwai kuma ta mutane, wato wayoyin da aka ba ka amana. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, wannan ta biyun ita ce ke raba mai shago da barci.

Inshorar gobara da ta sata, kayanka kaɗai suke biya. In wuta ta tashi daga waya mai tsiyaya ko fetur da ka ajiye kusa da janareta, wayoyi hamsin suka ƙone, kamfani zai duba takarda ne kawai. Idan ba a rubuta kayan amana a ciki ba, kai da masu waya sai gaban mai unguwa. Saboda haka ka ce a rubuta su, a sa adadin kuɗinsu. Ka kuma tanadi littafi, kowace waya da lambarta da sunan mai ita. Ba littafi, ba shaida.

Sata ma da sharaɗi. Galibi sai an fasa ƙofa ko an ɓalle kwado. Wanda ya zare waya daga kanta rana tsaka kana alwala, wannan da wuya a biya.

Batun saƙo kuwa ya fi wuya. A ce wani ya bugo daga Legas ya ce a sayar da buhun gero biyu, yaronka ya ce goma. A Ingila da Amurka, kamfanonin da sana'arsu ke nan, amsa waya a madadin wasu, suna da inshora ta musamman don kuskuren aiki. A ganina, ta fi ƙarfin ƙaramin shago. Rubuta saƙo, ka maimaita wa mai bugowa, ya fi maka arha.

Akwai kuma abin da inshora ba ta shiga. Kun tuna 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma da Kurfi? Masu wannan sana'a sun zauna watanni ba ciniki. Asarar da umarnin gwamnati ya jawo, inshorar gobara ba ruwanta da ita.

In zuciyarka ba ta kwanta da inshorar zamani ba, akwai takaful, wadda aka tsara bisa shari'ar Musulunci. Hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojinta a 2013. Ko wacce ka zaɓa, ka tabbata kamfanin yana da rajista da NAICOM, ka biya kuɗin ka karɓi rasit, domin a doka in ba ka biya ba, ba a rufe ka ba. Kafin ka sa hannu, ka kai takardar wa yayan naka ya karanta maka ita layi-layi, musamman ƙananan rubutun da ke baya.