Amon Jita Mai Lantarki: Daga Katako Yake Ko Daga Maganaɗisu?

Yau za mu duba wata gardama wadda ta daɗe tsakanin makaɗa da masassaƙan jita a Amurka da Turai. Ga jita biyu masu aiki da lantarki, kowace kuɗinta ya kai dala dubbai, amma amon ɗaya siriri ne mai kaifi, na ɗayar kuwa kakkaura ne mai zurfi. Makaɗa da yawa sun ce katako ne ya raba su. Wanda zai zuba dukiyarsa a kan irin wannan kaya ya kamata ya san ko gaskiya ne.

Ku tuna da garaya ko molo. In an taɓa tsirkiya, fata da ƙoƙon da ke ƙarƙashinta su ne ke karɓar rawarta su ba iska, sa'an nan kunne ya ji. Jita mai lantarki ba haka take ba. Yawancinsu jikinsu guntun katako ne ba rami. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai maganaɗisu wanda aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Sa'ad da tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa kusa da shi, sai ɗan lantarki ya gudana cikin wayar, ya tafi na'urar ƙara amo. Michael Faraday ne ya gano wannan ƙa'ida a Landan cikin 1831. Watau abin nan ba kunne ba ne, motsin ƙarfe kaɗai yake karɓa. Da za a ɗaura masa tsirkiyar gashin doki irin ta goge, da kusan kome ba zai fito ba.

To, mu ɗauki shahararru biyu. Leo Fender na Kalifoniya ya fitar da Stratocaster cikin 1954. Kamfanin Gibson na Kalamazoo kuwa ya riga ya fitar da Les Paul tun 1952. Tsawon tsirkiyar Fender inci 25 da rabi ne, ta Gibson inci 24 da kashi uku cikin huɗu. Doguwar tsirkiya ta fi ɗaurewa tam, amonta kuma ya fi kaifi. Fender kan yi amfani da naɗin waya guda, wanda ke ba da amo garau, sai dai yana jawo gurnanin wayoyin lantarki na gida. Wani injiniya, Seth Lover, ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna don su kashe gurnanin, aka fara sa su a Les Paul cikin 1957. Gurnani ya tafi, amma ya tafi da wani abu na kaifin amo. Ga babban dalilin kaurin muryar Gibson ke nan, tun ba a zo maganar katako ba.

Katakon fa? Fender ya fara da itacen ash, daga 1956 ya koma alder a yawancin jitocinsa. Gibson kuwa mahogani ne, da fallen maple a bisa. Nan akwai abin da ya shafe mu. Mahoganin Afirka da ake sassaƙa jita da shi yau ɗan'uwan maɗaci ne. Baƙin katakon da ake shimfiɗawa a wuyan jita mai tsada, wanda da yawansa daga Kamaru yake fitowa, dangin kanya ne. Jitar nan Flying V ta 1958 ma da wani farin itacen Afirka ta Yamma aka yi ta, wanda ake kira limba.

Wani masani Bajamushe, Manfred Zollner na Regensburg, ya yi shekaru yana auna waɗannan abubuwa, ya kuwa tarar rabon katakon jiki a cikin amo kaɗan ne ƙwarai in an gwada shi da na maganaɗisu da tsirkiya. Ba a ce katako ba shi da aiki ba. Shi ne ke riƙe da tsirkiya ta kai biyu, yana kuma shanye wani abu na ƙarfin rawarta. Wuyan jita, da yake siriri ne, ya fi jiki yin haka, shi ya sa akan sami wani gurbi a wuya inda amo ke mutuwa da wuri. Har wa yau akwai nauyi: Les Paul takan wuce kilo 4, makaɗin da ya rataye ta dare guda kafaɗarsa za ta ba shi labari. A ganina abin da makaɗi ke ji a hannunsa da ƙirjinsa gaskiya ne, amma ba lalle ba ne ya isa kunnen mai sauraro.

Saura fenti. A shekarun 1950 ana shafa wani fenti mai suna nitrocellulose, irin wanda ake yi wa motoci, har Fender ya riƙa ɗauko launuka daga na motocin zamanin. Siriri ne, yana tsattsagewa, yana komawa rawaya in ya tsufa. Wajen 1968 Fender ya juya ga fenti mai kauri na dangin roba, wanda ya fi jure wahala. Masu sha'awa suka ce tsohon fenti yana barin katako ya yi numfashi. Itacen da aka sare aka busar ba ya numfashi, kuma fallen fenti a bisa katako mai kaurin kusan inci 2 ba shi da ƙarfin sauya abin da maganaɗisu ke karɓa.

Tsada kuwa tana da wata hanyarta dabam. Tun 1992 yarjejeniyar duniya ta CITES ta tsananta hani a kan cinikin itacen rosewood na Barazil tsakanin ƙasashe, gama an kusa ƙarar da shi. Les Paul ta 1959, wadda ke da wannan itace a wuyanta, ba a yi ta da yawa ba, yanzu kuwa guda ɗaya takan ci dala dubu ɗari da ɗoriya.