"Za Su Raba Gado Daidai": Gaskiya da Ƙarya a Jita-jitar 'Yan Rajin Haƙƙin Mata

Duk lokacin da Majalisar Tarayya ta taɓo wani ƙuduri da ya shafi mata, sai saƙon murya ya fara yawo a WhatsApp. Daga zauren iyayen yaran Islamiyya a Kawaji, zuwa teburin mai shayi a Dakata, har cikin adaidaita sahun da ya nufi 'Yankaba, zancen ɗaya ne: 'yan feminis sun taso, za a raba gado daidai, za a hana ƙarin aure, kuma Turawa ne suka ba su kuɗi. Mai saƙon ba ya faɗin sunan ƙudurin, balle sashen da ya ƙunshi abin da yake faɗa. Iyaka ya rufe da "don Allah a tura wa 'yan uwa Musulmi."

Cikin waɗannan maganganu akwai masu tushe, akwai ƙarya tsagwaronta, akwai kuma gaskiyar da aka yi wa ƙari. Ga su ɗaya bayan ɗaya.

"Turawa ne suka koya wa matanmu neman haƙƙi"

Wannan ba haka ba ne. Gaskiya ne aƙidar da ake kira feminisanci a Turai da Amurka ta tsiro, kuma tana da rassa da yawa waɗanda su kansu ba sa jituwa da juna. Amma maganar haƙƙin mace a ƙasar Hausa ta girmi zuwan Turawa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albab saboda barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa mata jagorori da ake kira jaji, ta ɗora musu malfa, su shiga ƙauyuka suna karantar da mata.

A siyasa ma a nan gida aka faro. Bayan kafa NEPU a Kano a 1950, Malam Aminu Kano ya sa ilimin mata da ƙuri'arsu cikin abin da jam'iyyar ke nema. Hajiya Gambo Sawaba, shugabar matan NEPU, an kama ta a Kano, an ɗaure ta, an kore ta daga garin, kuma masu tarihi na cewa sau 16 ta shiga kurkuku a rayuwarta. A 1956 Malam Isa Wali, ɗan gidan malanta a birnin Kano, ya yi jerin rubuce-rubuce a jaridar Nigerian Citizen kan matsayin mace a Musulunci, hujjojinsa kuwa daga Alƙur'ani da hadisi ya ɗauko su. Duk da haka matan Arewa ba su yi zaɓen 1959 ba, alhali takwarorinsu na Kudu sun yi. Sai a 1976 suka fara jefa ƙuri'a. Dattijuwar da ta haura shekara 70 a Kawaji yau ta yi ƙuruciyarta a lokacin da mahaifiyarta ba ta da ikon zaɓen ko kansila.

A 1985 matan Musulmi suka kafa FOMWAN a Minna, ƙarƙashin Hajiya Aisha Lemu. Cikin jagororinta akwai Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editar Sunday Triumph a Kano, ta kuma rasu a turmutsutsun Mina a 2015. Babu mai cewa waɗannan 'yan koren Turawa ne.

"Za a tilasta raba gado daidai tsakanin namiji da mace"

Nan akwai ɗan tushe, amma an cakuɗa abubuwa biyu. A 2016 Sanata Biodun Olujimi ta kawo ƙudurin daidaita dama tsakanin jinsi, wanda ya ƙunshi batun gado. Sanatoci irin su Ahmad Sani Yariman Bakura suka ce ya ci karo da Shari'a, Majalisar Dattawa ta yi watsi da shi a watan Maris na shekarar, daga baya Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar shi ma ya fito ya ƙi amincewa da sashen gadon. Wanda ya ji tsoro a lokacin yana da dalilinsa. Sai dai ƙudurin bai zama doka ba.

Ƙudurori biyar da majalisa ta kayar ranar 1 ga Maris 2022, har mata suka yi zaman dirshan a ƙofarta, babu ko ɗaya da ya taɓa gado. Abin da suka nema shi ne kujeru na musamman ga mata a majalisu, da kaso a shugabancin jam'iyyu, da kaso a muƙaman naɗi, da ba mijin 'yar Najeriya baƙo damar zama ɗan ƙasa kamar yadda ake ba matar ɗan Najeriya baƙuwa, da kuma ba matar aure damar zama 'yar jihar mijinta bayan shekara biyar.

Shari'ar gado mafi shahara a wannan fage, wato ta Ukeje da Kotun Ƙoli ta yanke a 2014, kan al'adar Ibo ce da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta kwata-kwata. Ba ta shafi rabon gadon Musulmi ba, domin kundin tsarin mulkin 1999 ya bar aure da saki da gado na Musulmi a hannun kotunan Shari'a. Matsalar gado a unguwanninmu daban ce: rabon da Allah ya yanka wa mace shi ake danne mata. Gida ya shekara 20 ba a raba ba, yayyenta maza suna karɓar kuɗin haya, in ta yi magana a ce ta cika son abin duniya.

"Suna son a haramta auren mace fiye da ɗaya"

Babu wata doka a Kano da ta hana Musulmi ƙarin aure. Jita-jitar ta yi ƙarfi ne a farkon 2017, lokacin da Sarki Muhammadu Sanusi II, a taron tunawa da cika shekara 50 da rasuwar Isa Wali, ya yi bayanin daftarin dokar iyali da malamai da masana shari'a ke tsarawa. Abin da ya ɗora magana a kai shi ne wanda ba ya iya ciyar da mace ɗaya kada ya ƙara ta biyu, tare da batun auren dole da dukan mata da haƙƙin 'ya'ya bayan saki. Kafin labarin ya zagaya gari ya koma "Sarki zai hana aure." Ana iya yarda da shi ko a saɓa masa, amma sharaɗin iya ciyarwa tsoho ne a littattafan fiƙihu, kuma daftarin bai zama doka ba.

"Ƙofa ce ta shigo da auren jinsi da zubar da ciki"

A Turai da Amurka, ƙungiyoyin feminis da yawa suna tafiya tare da masu neman halatta waɗannan abubuwa. Wannan gaskiya ne, ɓoye shi ba ya amfanar kowa. Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin matan Afirka ma tana da sashen da ya yarda da zubar da ciki a wasu yanayi, kamar fyaɗe ko barazana ga ran uwa, kuma majalisar Nijar ta ƙi amincewa da yarjejeniyar a 2006.

Amma sa hannu a waje daban, doka a gida daban. Sashe na 12 na kundin tsarin mulki ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta aiki a Najeriya sai majalisa ta mayar da ita doka. Ga kuma dokar haramta auren jinsi da aka sa wa hannu a Janairun 2014. A Yulin 2024 gari ya ɗauka cewa Najeriya ta karɓi auren jinsi a yarjejeniyar Samoa don a ba ta biliyoyin daloli, har aka yi ta huɗubobi a kai. Ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa ta duba takardar ta ce babu wannan sharaɗi, jaridar da ta fara buga labarin kuma ta nemi afuwa daga baya. Saƙon farko ya shiga kowace waya, neman afuwar kuwa kaɗan ne suka gani.

Dokar yara ta nuna yadda abin yake tafiya. Tarayya ta yi tata a 2003, amma ba ta hau kan Kano ba sai da jihar ta tsara tata, aka sa mata hannu a Mayun 2023, bayan shekara 20. Mutanen Kawaji ba su manta abin da ya ƙara zafafa kiran a yi dokar ba: sace yarinya 'yar shekara biyar daga wannan yanki a Disambar 2021 da kashe ta, laifin da kotu ta yanke wa mai makarantarsu hukuncin kisa a kansa a Yulin 2022.

"Da kuɗin waje suke aiki"

Gaskiya ne ga ƙungiyoyi da yawa. Tarayyar Turai da Birtaniya da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suna ba da tallafi, kuma mai ba da kuɗi yana da ra'ayinsa. Tambayar ƙungiya wa ke ɗaukar nauyinta da me take koyarwa haƙƙi ne na kowane uba da kowace uwa. Sai dai kuɗin waje kaɗai ba hujjar mugun nufi ba ne, don da irinsa ake sayo gidan sauro da maganin tarin fuka. Kuma ba Bature ne ya ƙirƙiro koken matan ba. A farkon 2009 ƙungiyar zawarawa da marayu ta shirya zanga-zanga a Kano kan yawan saki, Hisbah ta hana. Shekara uku bayan nan gwamnatin Kwankwaso ta fara auren zawarawa ta hannun Hisbar, a Oktoban 2023 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da mata 1,800. Wanda ya leƙa ofishin Hisbah ko kotun Shari'a da safe zai ga layin mata da goyo, wata riƙe da takardar saki a ninke cikin leda, tana neman kuɗin abincin yara uku. Yawancinsu ba su taɓa jin labarin taron mata na Beijin ba.

"Sun tsani maza"

Akwai masu zagin maza jimla a Facebook da TikTok, kuma sun jawo wa masu aikin gaskiya baƙin jini. Amma abin da ya fito a 2019 ƙarƙashin ArewaMeToo labaran fyaɗe ne da cin zarafi daga bakin waɗanda abin ya shafa. Wanda ya tsani fyaɗe bai tsani maza ba.

"An riga an ba mata kashi 35, sun cika gwamnati"

Ƙarya ce. Kashi 35 manufa ce da gwamnatin tarayya ta rubuta a 2006, wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce a aiwatar da ita a 2022, amma ba ta shiga kundin tsarin mulki ba. Mata su ne sama da kashi 47 cikin 100 na masu rajistar zaɓen 2023 su miliyan 93. Abin da suka samu shi ne sanatoci 4 cikin 109, da wakilai ƙasa da 20 cikin 360. A Kano, sanatoci 3 da wakilai 24 da 'yan majalisar jiha 40 duk maza ne. Ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Najeriya ba, duk da yadda Aisha Jummai Alhassan ta matso a Taraba a 2015, da Aishatu Binani a Adamawa a 2023.

Ranar zaɓe kuwa layin mata ya fi daɗewa a rana. 'Yan takara sun san haka, shi ya sa atamfa mai hoton ɗan takara da taliya da sabulu ke shiga gidaje ana saura mako guda. Ana son ƙuri'ar mace, kujerar ce ba a son ba ta. In ta tsaya takara, kuɗin fom da taron dare da 'yan daba da ƙazafi su ne ke jiranta, kalmar "'yar feminis" kuma ta zama sandar da ake kore ta da ita ba tare da an amsa ko ɗaya daga cikin tambayoyinta ba.

"Addini ya hana mace siyasa"

Nan a bar wa malamai fagensu, amma a faɗi abin da suka faɗa cikakke. Mafi yawan malaman da suka gabata sun hana mace shugabancin ƙoli, suna kafa hujja da hadisin Bukhari kan Farisawa da suka naɗa 'yar Kisra. A alƙalanci akwai saɓani, don Hanafawa sun yarda da shi a wasu shari'o'i. Jefa ƙuri'a da wakiltar jama'a a majalisa kuwa malaman zamani da yawa ba su sa su cikin hanin ba. Malam Aminu Kano, wanda shi kansa mai tafsiri ne, mace ya ɗauka mataimakiyar takararsa ta shugaban ƙasa a PRP kafin rasuwarsa a Afrilun 1983.

Maƙwabtanmu ma sun gwada. Zaɓen Nijar na 1999 mace ɗaya ya kai majalisa cikin 83. A 2000 aka yi dokar kaso, zaɓen 2004 ya kai mata 14 cikin 113, a 2019 kuma aka ɗaga kason zuwa kashi 25. Matan Maraɗi da Damagaram sun zauna a majalisa, ba a kuma soke rabon gado na Musulunci ba.

Don haka, ɗan uwa da 'yar uwa, in irin wannan saƙo ya sake shigo maka, ka yi tambaya uku kafin ka tura: mene ne sunan ƙudurin, wane sashe ne ya faɗi haka, kuma ya zama doka a Kano ko bai zama ba? Abin da ya saɓa wa addini a ƙi shi da hujja, a kuma faɗi sashen. Abin da addini ya riga ya ba mace, na ilimi da gado da ciyarwa da kariya daga duka, a ba ta ba tare da jiran wata ƙungiya ta zo nema mata ba. In kuma 'yan takara suka shigo Kawaji da atamfa, iyayenmu mata su tambaye su mace nawa jam'iyyarsu ta tsayar, ko da kansila ce.