Ga kalkuleta a waya, me ya sa har yanzu ake yi wa sabbin nas-nas jarrabawar lissafin magani?

A asibitoci da dama a Amurka da Ingila, sabuwar nas ba ta fara raba wa marasa lafiya magani ita kaɗai sai ta ci jarrabawar lissafi. A Ingila ma, hukumar NMC mai yi wa ma'aikatan jinya rajista ta shar'anta cewa ɗalibi ya ci irin wannan gwajin 100 bisa 100 kafin ya gama karatu. Nas ɗin da ta yi karatu a Najeriya tana neman aiki can, ita ma akwai ɓangaren lissafi a jarrabawar da take yi a kwamfuta.

Tambayoyin ba su da wuya a ido. Likita ya rubuta wa yaro mai nauyin kilo 12 farasitamol, miligiram 15 ga kowane kilo. Ka ga miligiram 180 ke nan. A jikin kwalba an rubuta miligiram 120 cikin mililita 5. Sai a raba 180 da 120, a ninka da 5: mililita 7.5. Haka ƙarin ruwa. Idan za a ƙara lita ɗaya cikin awa 8, robar kuma tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita, ana neman kusan ɗigo 42 a minti.

Kowace waya za ta yi wannan kafin ƙiftawar ido. Matsalar ita ce kalkuleta ba ta san yaro ba, ba ta san kwalba ba. Abin da yatsa ya danna kawai take sarrafawa. Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja ya san haka: lamba ba ta zuwa da ma'auninta. Idan aka ɗauki maikurogiram a matsayin miligiram, magani ya ninka sau 1,000, allon kuwa zai nuna amsar lafiya lau, ba wani jan rubutu.

Ɗigon lissafi ya fi komai haɗari. A rubuta .5, ɗigon ya ɓace, a karanta 5. A rubuta 1.0, a karanta 10. Shi ya sa a 2004 hukumar Joint Commission mai tantance asibitocin Amurka ta hana rubuta magani haka: sai dai 0.5, sai dai 1.

Akwai famfunan ƙarin ruwa na zamani masu ɗauke da jerin magunguna da iyakar kowanne, suna yin ƙara idan an wuce gona da iri. Suna taimakawa ƙwarai. Amma idan aka shigar da nauyin yaro ba daidai ba, famfon zai yi lissafinsa a kan ƙaryar da aka ba shi. Nas ɗin da ta saba ƙiyasi a ka, da ta ga mililita 75 na farasitamol ga yaro mai kilo 12, za ta ajiye sirinji ta sake duba takardar likita.