FASHIN BAƘI: Kore, rawaya, fari da toka: yadda launuka suka tona asirin neman kuɗi a littafin Gatsby

Da wuya a sami matashi mai babbar waya a Kazaure ko Babura da bai taɓa cin karo da hoton nan ba: wani Bature sanye da baƙar kwat, yana murmushi, ya ɗaga kofin gilashi, tartsatsin wuta na tashi a bayansa. Ana tura shi idan wani ya sami aiki, ya sayi mota, ko kuɗi sun faɗo asusu. Mutumin Leonardo DiCaprio ne, a fim ɗin 2013 da aka ciro daga littafin The Great Gatsby na marubucin Amurka F. Scott Fitzgerald. Abin da hoton bai nuna ba shi ne ƙarshen mai ɗaga kofin: gawarsa aka tsinta a tafkin ninkaya na gidansa da harbin bindiga a jikinta.

Littafin ya fito ranar 10 ga Afrilu, 1925. Ya cika shekara 100 ke nan a Afrilun 2025, watan da manhajar CBEX ta rufe da kuɗin dubban 'yan Nijeriya da aka yi wa alkawarin ninka musu jari cikin kwana 30. Haɗuwar ta katari ce, amma ta isa dalilin da zai sa a sake buɗe littafin. Fitzgerald bai tsaya wa'azi kan kwaɗayi ba. Launuka ya raba wa mutanensa, kuma wanda ya bi launukan zai ga wa ke mafarki, wa ke da dukiya, wa kuma ke biyan bashin ɓarnar da aka yi.

Labarin a taƙaice

A bazarar 1922, wani matashi mai suna Nick Carraway ya je New York koyon sayar da takardun lamuni. Ya kama ɗan ƙaramin gida a West Egg, unguwar masu sabon arziki a tsibirin Long Island, kusa da katafaren gidan Jay Gatsby, inda ake shagali duk ƙarshen mako. A tsallaken ruwa akwai East Egg, unguwar waɗanda suka gaji dukiya. A can Daisy, 'yar'uwar Nick, take zaune da mijinta Tom Buchanan.

Asalin sunan Gatsby James Gatz ne, ɗan talakawan manoma daga jihar Dakota ta Arewa. Ya canja suna yana ɗan shekara 17. A 1917, yana ƙaramin hafsan soja ba shi da ko sisi, ya haɗu da Daisy a birnin Louisville. Aka tura shi Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kafin ya dawo, ta auri Tom a 1919, wanda ya ba ta sarƙar lu'ulu'u ta dala 350,000. Gatsby ya yanke cewa kuɗi ne suka raba su, don haka kuɗi ne za su mayar masa da ita. Gidan, motar, shagalin, duk tarko ne da ya ɗana wa mace ɗaya.

Koriyar fitila

Karon farko da Nick ya ga maƙwabcinsa, da dare ne, yana tsaye shi kaɗai a bakin ruwa ya miƙa hannuwa gaba. Babu komai a can nesa sai wata 'yar koriyar fitila a ƙarshen gadar katakon da ƙananan jiragen gidan Daisy ke tsayawa.

Bahaushe ba ya buƙatar a koya masa cewa kore fata ne. Wanda ya ga gonakin Roni da Gwiwa bayan ruwa ya zauna, ko fadamun da ke gefen dam ɗin Kazaure a tsakiyar rani, ya san abin da wannan launi ke yi wa zuciya. Koren da ke tutar Nijeriya ma alamar noma ce. Ga Ba'amurke kuwa akwai ƙarin ma'ana: bayan takardar dala kore ne tun zamanin yaƙin basasarsu na shekarun 1860. Fitzgerald ya haɗa ma'anonin biyu cikin fitila ɗaya, har ba a iya raba son Daisy da son abin da Daisy ta tashi a cikinsa. Gatsby da kansa ya faɗa wa Nick cewa kuɗi ake ji a muryarta.

Sai dai akwai bambanci tsakanin koren manomi da na Gatsby. Koren gona yana da kaka; ranar da ya bushe, ranar ce ya zama hatsi a rumbu. Na Gatsby ba shi da girbi, nisa ne ke ba shi haske. Ranar da ya kawo Daisy gidansa, ya nuna mata ɗakuna da tarin rigunansa, Nick ya lura cewa fitilar ta rasa girmanta, ta koma fitila kamar kowace. Shekara biyar yana gina wata Daisy a ransa wadda ta gaskiyar ba za ta iya kamowa ba.

Wannan launi ba baƙo ba ne a arewa maso yammacin Jigawa. Hukumar shige da fice ta sha sanar da tare matasa a yankin Kazaure da Babura, kan hanyarsu ta shiga Nijar zuwa Libiya, da burin tsallake Bahar Rum. Su ma ruwa ne tsakaninsu da abin da suke hange. Na gida kuwa, fitilarsa ta dawo cikin tafin hannu: allon waya mai nuna jari yana hawa da koriyar kibiya, lambobin da ake gani amma ba a iya cirewa.

Rawaya, gwal na jabu

Duk macen da ta taɓa sayen sarƙa ta san bambancin zinariya da ƙarfen da aka yi wa ruwan gwal. Haka littafin ya raba su. Hasken zinariya yana bin mutanen East Egg: tagogin gidan Tom, fatar Jordan Baker ƙawar Daisy, ita kanta Daisy. Rabon Gatsby kuwa rawaya ne. Motarsa Rolls-Royce mutane rawaya suke kiranta, akwai wasu 'yanmata biyu masu rawayar riga a shagalinsa, har kiɗan da ake yi marubucin ya shafa masa wannan launi. Ranar da zai sake ganin Daisy, ya sa farar kwat, riga ruwan azurfa da laktaye ruwan zinariya, wato ya sa kuɗi a jiki don a gani. Tom ya raina shi ne saboda kwat ruwan hoda, wadda a ganinsa ɗan babban gida ba zai taɓa sawa ba.

Daga ina kuɗin suka fito? Amurka ta haramta sayar da barasa daga 1920 zuwa 1933, haramcin da ya mayar da 'yan fasa-ƙwauri attajirai cikin dare ɗaya. Gatsby da ubangidansa Meyer Wolfsheim sun sayi kantunan magani suna sayar da barasa ta ƙarƙashin ƙasa, kuma akwai alamun cinikin takardun lamuni na sata. Baƙin da ke cika gidansa suna raɗe-raɗin cewa ya taɓa kashe mutum, wasu su ce ɗan leƙen asirin Jamus ne, amma bakin da ke gulmar shi ne ke cin kazarsa. Mutum ɗaya ne ya yi bincike na gaskiya kan dukiyar, wato Tom, kuma ba kishin doka ya sa shi ba, kishin mata ne. Wani abokin Tom ɗin ma ya ci daga wannan sana'a. Mai bin yadda ake tono fayil ɗin ɗan siyasa a Nijeriya sai ranar da ya ɓata da manya, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Zamanin ne ya haifi irinsu. A 1920 aka kama Charles Ponzi a Boston, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 50 cikin 100 a kwana 45, yana biyan tsofaffin masu zuba kuɗi da kuɗin sababbi. Dabarar ce MMM ta zo da ita Nijeriya da alkawarin kashi 30 a wata, ta daskare a Disambar 2016. Shekara huɗu bayan fitowar littafin, a Oktoban 1929, kasuwar hannayen jari ta New York ta rushe.

Fari

A nan ne mai karatu Bahaushe zai iya yin tuntuɓe, domin harshensa ya ba fari kusan duk alheri: farin ciki, farin jini, farar aniya. Daisy da Jordan cikin fararen riguna aka fara ganinsu, gidajen East Egg farare ne, motar ƙuruciyar Daisy fara ce. Sai dai harshen da ya ce farin jini shi ne ya ce kallon kitse ake yi wa rogo, kuma likkafani ma fari ne. Sunan Daisy sunan wata fulawa ce mai fararen ganye da rawayar tsakiya. Farin East Egg tsabtar wanda bai taɓa wanke kwano ba ce, wanda wasu ke share masa ƙazanta. Tom ya ƙara masa wata ma'ana da yake zaune kan teburin cin abinci yana kukan cewa sauran jinsuna za su mamaye farar fata.

Adabin Hausa ya san wannan rauni tun da wuri. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, wanda aka buga a Zariya a tsakiyar shekarun 1930, labarin saurayi Abubakar ne da attajiri Malam Shaihu ya ƙwace masa Zainabu da ƙarfin dukiya. Abubakar ya shiga duniya neman asirin ramuwa, Gatsby ya shiga neman kuɗi. Dukansu biyu sun ƙarar da rayuwa kan ranar da ta riga ta wuce. Amma a littafin Hausar, masifa ta shiga gidan attajirin, ɗansa Kyauta ya zama ɓarawo har ya yi ajalin mahaifinsa. Fitzgerald bai yarda duniya tana da wannan adalcin ba.

Kwarin toka

Tsakanin unguwannin masu kuɗi da birnin New York akwai wani fili da ake zubar da tokar kwal ta birnin. Wuri ne na gaske, jujin Corona a yankin Queens, wanda daga baya aka share aka yi baje-kolin duniya na 1939 a kansa. A littafin komai na wurin ruwan toka ne, gidaje da motoci da mutane. A nan George Wilson yake da garejin gyaran mota da famfon sayar da mai. Matarsa Myrtle dadiron Tom ce, shi kuwa Wilson yana ta roƙon Tom ya sayar masa da tsohuwar mota ya sami 'yar riba. Dukiya tana wucewa ta ƙofarsu safe da yamma, rabonsu ƙura.

A saman kwarin akwai tsohon allon tallan wani likitan ido, Dakta Eckleburg: manyan shuɗɗan idanu cikin rawayan tabarau, ba fuska. Bayan mutuwar matarsa, Wilson ya dubi allon ya ɗauke shi idon Ubangiji, maƙwabcinsa ya tuna masa cewa talla ce kawai.

Jigawa ta san zaman gefen hanya. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sa talauci a jihar a kashi 87.02 cikin 100, ta uku bayan Sakkwato da Taraba, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 40.1 ne. A daren 15 ga Oktoba, 2024, tankar mai ta kife a Majiya cikin ƙaramar hukumar Taura, wadda ke masarautar Ringim ɗaya da Babura. Jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, a lokacin da litar fetur ta haura naira 1,000. Tankar ta kama da wuta, fiye da mutum 150 suka rasu. An yi ta zarginsu da kwaɗayi. Kaɗan ne suka tsaya kan tambayar abin da ke sa magidanci ya ga man da ke malala a kwalbati ya ga abincin mako guda.

Daren da launukan suka gauraya

Bayan wata zazzafar rigima a otel ɗin Plaza, inda Tom ya tona asirin kuɗin Gatsby a gaban Daisy, sai aka kama hanyar gida. Daisy ce ke tuƙa motar Gatsby. A kwarin toka, Myrtle ta fito da gudu tana zaton Tom ne a ciki, domin da rana ta gan shi yana tuƙa wannan mota. Motar ta take ta, ba ta tsaya ba.

Akwai wani ɗan abu a nan da mai saurin karatu kan tsallake. Michaelis, mai shagon shayi da ke maƙwabtaka da garejin, ya shaida wa ɗan sanda na farko cewa motar koriya-koriya ce, bai tabbata ba. Wani baƙar fata mai kyakkyawar shiga ne ya ce rawaya ce. A duhun kwarin, launin mafarkin Gatsby da launin kuɗinsa sun kasa rarrabuwa a idon shaidu.

Gatsby ya ƙudurta cewa zai ce shi ke tuƙi. Ya kwana tsaye a wajen gidan Daisy yana gadinta, ita kuwa tana ciki da mijinta suna shirya yadda za su fita. Washegari Tom ya faɗa wa Wilson mai rawayar motar. Wilson ya taka har West Egg, ya harbe Gatsby, ya harbe kansa. Mutum uku suka mutu: biyu daga kwarin toka, ɗaya ɗan manoman Dakota. Tom da Daisy suka haɗa akwatuna suka bar gari, ba su bar adireshi ba.

Nick ya yi ta buga waya yana neman masu zuwa jana'iza. Wolfsheim ya ce ba ya son shiga lamarin. Wani da ya daɗe yana kwana yana ci a gidan ya kira, amma takalmansa na wasa da ya manta yake so a aika masa. Cikin ɗaruruwan baƙin shagali, ban da Nick, mutum ɗaya ne ya iso maƙabarta, cikin ruwan sama. Tsoho Henry Gatz, mahaifin mamacin, ya zo daga Minnesota bayan ya ga labarin a jarida. A aljihunsa akwai hoton gidan, wanda ya tsufa don yawan nuna wa mutane, da wani tsohon littafi da ɗansa ya rubuta jadawalin yini a bayansa a 1906: lokacin tashi da asuba, lokacin motsa jiki, lokacin karatu, da alkawarin ajiye dala 5 duk mako, wadda yaron ya soke ya mayar dala 3.