Ko Ka Sani? Kaurin Baƙin Mai Ba Ya Kare Injin Turbo

A garejojin Birnin Ƙonni, kamar na Tawa da Sakkwato, akwai ƙa'idar da kanikawa suka gada daga iyayen gidansu: ƙasar zafi sai baƙin mai mai kauri. Ta yi wa Peugeot 504 da tsofaffin Hilux aiki shekara da shekaru, shi ya sa in an zo juye hannu ke fara kaiwa ga 20W-50. Amma ƙananan jif ɗin da ake shigowa da su yanzu, irin su Hyundai Tucson 1.6 T-GDi, da Ford Escape EcoBoost, da Peugeot 3008, da Honda CR-V 1.5 ta 2017 zuwa sama, injinsu ƙarami ne, ƙarfinsu kuma daga turbo yake fitowa. A irin wannan inji, abin dubawa shi ne matsayin man da aka rubuta a bayan galan, kauri yana biyo baya.

Turbo ba sabon abu ba ne, tun 1905 injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi rajistar dabarar. Hayaƙin da ke fita daga inji shi ke juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke cusa iska cikin inji, sai ƙaramin inji ya ba da ƙarfin babba. Sandar da ta haɗa farfelun biyu kan yi juyi sama da 150,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke bugun ta kuma a injin fetur yakan kai digiri 900. Abin da ke raba wannan sanda da ƙarfen da ke riƙe da ita wani siririn shafin baƙin mai ne, wanda ke zuwa ta ƙaramin bututu, ya sa santsi, ya kwashi zafi, ya koma. Man da bai jure wannan wuta ba sai ya ƙone ya kama, kamar ƙanzo a gindin tukunya, bututun ya riƙa tsukewa har turbo ya fara kuka, salansa ta fara fitar da shuɗin hayaƙi. Man da ake kira sintetik ya fi jure wannan zafi nesa ba kusa ba, yawancin 20W-50 na kasuwa kuwa ba shi ba ne.

Mai musu zai ce, a Afrilu da Mayu zafin Ƙonni yana haura digiri 40, ai 5W-30 zai tsinke ya zama ruwa. Amsar tana cikin lambar kanta. Wadda ke gaban W tana nuna yadda man ke gudu a sanyi, ta biyun kuma kaurinsa ne da aka auna a digiri 100. Inji mai lafiya a kusa da wannan zafi yake aiki, ko a Beljiyam yake ko a hanyar Malbaza, domin lagireto da fanka ne ke tsayar masa da zafi, ranar waje ƙari kaɗan take yi. Gaskiya ne wasu kamfanoni sun yarda a hau mataki ɗaya a ƙasashen zafi, a bar 0W-20 a sa 5W-30, ko 5W-40, kuma in littafin motar ya faɗi haka, bin sa hikima ce. Tsallakawa zuwa 50 wani abu ne daban: hanyoyin mai na sabon inji matsattsu ne, mai kauri yana jinkirin isa turbo in an tayar da mota da asubar hunturu, kuma da matsin mai na'urar da ke daidaita buɗewar bawul take aiki.

Akwai haɗarin da ya fi wannan ɓoyuwa. Injin turbo da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda yana da wata cuta da injiniyoyi ke kira LSPI: wuta ta tashi da kanta kafin fulogi ya kunna ta, a lokacin da inji ke juyi a hankali direba kuma ya taka totur da ƙarfi. Haka ake yi kullum in mota cike da mutane da kaya ta sauko daga tudun rage gudu a Tsarnawa ko Galmi. Bugu ɗaya mai tsanani ya isa ya tsaga fistan. Bincike ya gano cewa yawan sinadarin kalsiyam da ake sa wa mai don wanke inji yana ƙara aukuwar abin, don haka cibiyar man fetur ta Amurka ta fito da matsayin API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020. Galan mai ɗauke da SJ na 1996 ko SL na 2001 an tsara shi tun kafin a san matsalar. Shi ma 15W-40 na gas, wanda manyan motocin simintin Malbaza ke sha lafiya lau, galibi yana da yawan irin wannan sinadari, bai kamata ya shiga ƙaramar jif ta fetur ba. Motocin Turai kuma suna da nasu lambobin, ACEA da na kamfani, kamar VW 504 00 a Tiguan. Injin 1.2 PureTech na Peugeot ya fi kowa tsanani a nan, domin bel ɗin tayiminsa cikin mai yake gudu. Man da bai dace ba yana cin robar, ɓurɓushinta ya toshe ragar da famfon mai ke zuƙowa ta cikinta.

Musu na biyu na kuɗi ne, kuma yana da nauyi. Sintetik na gaske yana da tsada, jabu kuma ya yi yawa a kasuwannin iyaka, har mutum ya ce gara man da ya sani. Sai dai lita huɗu ko biyar ƙaramin inji ke sha, kuɗin turbo ɗaya kuwa, ko na gwanjo ne daga Kano, ya ninka na juye da yawa. Maganin jabu shi ne sayen galan a rufe daga gidan mai ko dilan da aka sani, a buɗe shi a gaban mai mota, a guji wanda ake aunawa daga duro a kwalba, tunda ba wanda zai iya faɗin matsayinsa.

Inda tsofaffin kanikawa suka fi littafin mota gaskiya shi ne yawan juye. Tazarar kilomita 15,000 ko fiye da ake rubuta wa Turai ba ta san ƙurar hunturu ba, ba ta san jan burjin ƙauyukan Illela ba, balle tsayuwa da inji a kunne don sanyin mota a layin kwastan, ko fetur ɗin kwalba da ba a san abin da aka gauraya masa ba. Irin wannan inji ma yakan zurarar da ɗan fetur cikin baƙin mai ya tsinka shi, matsalar da aka yi ta kuka da ita a CR-V 1.5 a Sin a 2018. Littattafan da kansu suna da shafin aiki mai wahala, inda tazarar kan ragu zuwa rabi. A ganina kilomita 5,000 zuwa 7,500 ya dace da wannan yanki, tare da sabuwar matatar mai kowane juye, da duba matatar iska akai-akai. Wanda kuma ya taso daga Yamai ya ci sama da kilomita 400 a guje, ya bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin ya kashe, domin da zarar inji ya mutu mai ya daina zagayawa, wanda ya rage cikin turbo kuma nan yake dahuwa.