Tsufan Zomo a Birnin Riyad

Duk wanda ya zauna ya tattara karin maganar da Hausawa suka yi a kan zomo, ya jera su, ya dube su da idon basira, zai tarar zomo guda suke nufi, watau saurayin zomo mai jini a jika, wanda rayuwarsa duka tsere ce tsakaninsa da kare da kere. Sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Waɗannan kuwa duk maganganun mafarauta ne, su kuma mafarauta ba su saba ganin zomon da ƙarfi ya ƙare masa ba, domin na dawa, in ya tsere wa shaho da dila da tarko har ya ga damina biyu ko uku, to, Allah ya yi masa tsawon rai. Saboda haka magabata, duk da kaifin lurarsu, ba su bar mana wata magana a kan tsohon zomo ba, wanda gudu ya gagare shi, ya koma yana jan ƙafa daga ƙarƙashin kujera zuwa bakin akushi.

Wajibi ne a rarrabe tun farko, domin dabba biyu muke kira da suna ɗaya. Na dajin ƙasar Hausa da ɗan'uwansa na hamadar Najd, wanda Larabawa ke saka wa karnukan saluƙi, dangi ɗaya ne: ba su haƙa rami, 'ya'yansu kuma da gashinsu suke faɗowa, ido buɗe. Na gida kuwa asalinsa ƙasar Andalus, mahaƙin rami ne, cikin uwarsa kwana 31 ne ko kusa da haka, ana haihuwarsa tsirara, makaho. Shi ne wanda in ya sami kulawa yakan kai shekara 8 zuwa 12. Wanda kundin Guinness ya rubuta cewa ya fi kowane daɗewa, a tsibirin Tasmaniya aka kama shi cikin 1964, ya yi shekara 18 da wata 10 a hannun masu shi.

A Riyad ba wuya a mallaki zomo. Magidanci yakan je kasuwar tsuntsaye ta unguwar Aziziyya, a kudancin birni, da niyyar kallon tantabaru, yara su maƙale a gaban keji suna kuka, ya dawo gida da ɗan zomo a cikin kwali. Da yawansu ba su wuce bazarar farko. Amma a gidan wani aminina Bakano, wanda zama ya daɗe da shi a wannan birni, akwai zomanya da yanzu ta haura shekara 9, yaran da aka sayo ta dominsu har sun shiga jami'a sun bar wa tsohonsu hidima. Ba ta jin kira sai ta ga dama, ba ta kuma yarda a rungume ta. Aminina yakan ce ai zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara, ita ma ba baiwarsa ba ce, haya suka tara. Kafin kiran assalatu ta farka, tana kiwo har hantsi, sa'an nan ta kwanta sai gab da magariba, don haka cikin Ramadan ita ce ta fi kowa dacewa da tsarin gidan. Abin da ake faɗa na barcin zomo da ido buɗe gaskiya ne, na gani: idon yana nan a buɗe, sai dai hancin ya daina motsi. Amma in ta amince da wuri takan yi rub da gefe ta rufe ido ruf, har baƙo ya zaci rai ya yi halinsa.

Mas'alar da ta fi cin raina game da zomo kuwa ta malamai ce, watau zancen cewa zomanya tana haila. Wannan magana tsohuwa ce ƙwarai a wurin Larabawa. Shehu Damiri, malamin Masar da ya rasu cikin 1405, ya kawo ta a littafinsa Hayatul Hayawan, inda aka lissafa zomo tare da kura da jemage cikin dabbobin da ke ganin jini, ya kuma ba da labarin cewa mutanen Jahiliyya sukan rataya ƙashin idon sawun zomo don tsari daga kambun baka da sihiri, bisa zaton aljannu suna ƙyamarsa saboda wannan lalura. Akwai ma wata ruwaya a Sunan na Abu Dawuda da ta ambaci haka, wadda malaman hadisi suka raunana isnadinta. Ba ta kuwa hana mazhabobin nan huɗu halatta namansa ba, domin hadisin Anas ya tabbata a Buhari da Muslim, cewa sun kori zomo a Marruz Zahran, kusa da Makka, har mutane suka gaji, shi ya kama shi, Abu Ɗalha ya yanka ya aika wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da cinyoyinsa, ya kuwa karɓa. Ka ga ko a Hijaz wanda ya ci zomo ya ci gudu. A Muwaɗɗa kuma an ruwaito Sayyidina Umar ya hukunta wa muhrimin da ya kashe zomo fansar 'yar akuya ƙarama.

To, ina gaskiyar take? Abin ban dariya shi ne lissafin nan ya dace a kan jemage, domin masu bincike sun tabbatar wasu jinsunansa suna yi, amma ya kuskure a kan kura da zomo. Zomanya ba ta da zagayen wata ko kaɗan. Ƙwan haihuwarta ba ya saukowa sai bayan namiji ya hau ta da kamar sa'a 10, saboda haka babu abin da mahaifarta za ta tara ta zubar. Sai dai ni ban yarda a ce mutanen dā ƙarya suka ƙaga ba. Idonsu ya ga ja, fassararsu ce ta karkace. Fitsarin zomo mai lafiya yakan sauya launi bisa ga ganyen da ya ci, daga rawaya zuwa ruwan goro, wani lokaci ya yi jawur kamar zoɓo, kwana ɗaya ko biyu ya washe, ba tare da ɗigon jini a ciki ba. Maharbin da ya juya zomanya ya ga jan tabo a gashinta, ba shi da abin auna fitsari, me zai ce in ba haila ba?

Da a ce mas'alar ta tsaya a littafi, da sai mu yi murmushi mu wuce. Amma tana kisa. Lokacin da zomanyar aminina take wajen shekara 5, ya fara ganin ɗigon ja a inda take tsuguno, na ce masa a kai ta asibitin dabbobi, sai ya ce, "Haba Malam, kai da ka yi karatu? Ai al'adarta ce, malamai sun faɗa." Na ce, "Alhaji, duba da kyau. Launin ganye gauraye yake da fitsarin baki ɗaya. Wannan kuwa gudaji ne, a ƙarshe yake fitowa shi kaɗai." Mun daɗe muna ja-in-ja, yana kawo Damiri ina kawo abin da ke kan tayil, daga bisani uwargidansa ta raba gardama da cewa kuɗin mota ba zai talauta kowa ba. Likita ya tsoma 'yar takardar gwaji, ta nuna jini, aka ɗauki hoton ciki, aka ga ƙari a mahaifa. Ciwon dajin mahaifa shi ne ya fi kowane irin daji yawa ga zomanyar da ta wuce shekara 4 ba a yi mata aiki ba, a wasu jinsuna har yakan kama fiye da rabinsu, in an yi sakaci kuma ya haura zuwa huhu. An cire mata mahaifar, ga ta nan har yau. Nan ne karin maganar nan ta karen bana ta sami sabon mazauni, domin cutar tsufa zomon bana ce, karenta kuwa likita. Wanda ke jin ƙaiƙayi a zuciya game da halaccin aikin ya tuna malamai da yawa sun yarda a fiɗiye dabba saboda maslaha, balle a ceci ranta. Mafi sauƙi kuma a yi shi tun tana 'yar wata 6.

Akwai wata gardamar, ta tuƙa. Attaura ta lissafa zomo cikin masu tuƙa, mai kallo kuma zai ba ta gaskiya, ganin bakinsa ba ya hutawa. Wani likitan dabbobi Bafaranshe mai suna Morot ya bayyana haƙiƙanin abin cikin 1882: zomo ba ya dawo da abinci daga ciki zuwa baki, ko amai ma ba ya iyawa, amma kashi iri biyu yake yi. Akwai busasshen nan da kowa ya sani, akwai kuma wani mai laushi, a cure, mai sheƙi, wanda yake fitowa daga wata babbar jaka ta hanjinsa inda ciyawa ke ruɓa, shi kuwa yakan sunkuya ya karɓe shi da baki tun bai taɓa ƙasa ba, domin a cikinsa sinadaran gina jiki suke. Mai ƙyama ya yi haƙuri, hikimar Mahalicci ce. Abin lura ga tsoho shi ne, in amosanin ƙashi ya kama gadon bayansa, sunkuyawar takan gagara, sai mai laushin ya manne a gashin gindi. A zafin Riyad kuwa ƙuda na samun wannan ya yi ƙwai, kafin kwana ya zagayo tsutsa ta fara cin nama. Na ga aminina, dattijo mai furfura, durƙushe bayan sallar asuba da ƙyalle da ruwan ɗumi yana share ta, yana busar da gashin a hankali, ita kuwa tana harararsa da ido ɗaya.

Game da ci, kuskuren mutanen Riyad suna ɗaya gare shi, barsim. Ciyawa ce mai albarka, ita ake ba tumaki da raƙuma, ita mai sayar da zomo zai ɗaura maka a leda, ga ƙaramin zomo mai tasowa kuma ba ta da laifi. Amma tana da yawan sinadarin kalsiyam, jikin zomo kuwa yakan tsotse kusan duk wanda ya ci, ya fitar da rarar ta fitsari. Tsohon da ba ya yawan motsi sai abin ya kwanta masa a mafitsara, fitsarin ya yi kauri fari-fari, wani lokaci ya zama tsakuwa. Harawar wake da ta gyaɗa da muke ba dabbobi a ƙasar Hausa ma danginta ne. Abin da ya dace da tsoho shi ne ingirici na ciyawa zalla, irin rodas da ake samu a kasuwar abincin dabbobi ko timoti na kantuna, a ajiye masa tuli dare da rana, a ƙara da ɗan jarjir, da kuzbara, da na'a-na'a, da ruwa a kwano mai faɗi. Sai in ya rame ƙwarai ne likita kan ce a mayar masa da ɗan barsim. Dalilin ingiricin kuwa haƙora ne: guda 28 gare shi, dukansu ba su daina tsiro har ya mutu, na gaba sukan ƙaru da wajen milimita 2 kowane mako, ba abin da ke goge turamen sai doguwar tauna. In ya koma kan burodi da dusa sai turamen su yi tsini su yanki harshe, ka ga haɓarsa jiƙe da miyau, yana ɗaukar ganye yana yarwa. Dabino kuwa, wanda a wannan ƙasa ba a iya hana baƙo, shi a hana shi. Zaƙinsa yana rikita masa hanji, karas ma yanki kaɗan ya isa.

Zafi shi ne babban makashi. Zomo ba ya gumi, da kunnuwansa yake fitar da zafin jiki, da zarar awo ya kusa 30 ya fara wahala, alhali a Yuli da Agusta Riyad takan wuce 43. Wanda ya bar keji a saman bene ko a tsakar gida ya yanke masa hukunci. Ɗaki mai na'urar sanyi yake so, ba daidai bakin iskar ba, da gorar ƙanƙara naɗe da tsumma saboda ranar da na'urar ta tsaya. Tayil da marmara suna yi masa daɗin kwanciya, amma santsinsu yana raba ƙafafun tsoho, taurinsu kuma yana cinye gashin diddigensa har ya yi gyambo, don haka a shimfiɗa darduma a hanyar da ya saba bi, a kuma rage tsayin bakin kwandon bayan gidansa. In yana ta rufe masa ido kada a riƙa sauya wa kaya wuri, da hanci da gashin baki yake gane hanyarsa.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa, ni kuwa a kullum na ga an cafko shi ta kunne yana reto sai in ce ya yi gaskiya da ya yi fushin. Ƙashinsa sakayau ne, ƙafafun bayansa kuma suna da ƙarfin da harbi ɗaya cikin iska yana iya karya masa baya. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a tallabe ƙugu, a manna shi a jiki.

Kai kuma mai tsohon zomo, kada ka jira ya yi kuka, domin abin farauta ne, ɓoye ciwo ɗabi'arsa ce. Ka riƙa duba akushinsa da inda yake tsuguno safe da yamma. In ya yi sa'a 12 bai ci ba bai yi kashi ba, hanjinsa ya tsaya, ka ɗauke shi zuwa ga likitan da ya san zomo a wannan daren, kada kuma ka ɗura masa ragowar amoksisilin na yara, domin yana kashe zomo.