Baƙi Masu Yawon Buɗe Ido: Darasin Da Kano Za Ta Koya Daga Japan

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya girma a Gawuna ko wata unguwa ta Ƙaramar Hukumar Nassarawa ya san irin cikar da wannan shiyya take yi ranar Hawan Nassarawa. Tun da hantsi yara da manya za su ɗunguma zuwa bakin hanya domin su ga Sarki ya fito daga birni da 'yan lifidi da 'yan sulke da dogarai, ana busa kakaki da algaita, ya ziyarci gidan sarauta na Nassarawa, sa'an nan ya zarce Gidan Gwamnati, kamar yadda sarakunan da suka gabata suke kai wa Razdan ziyara a zamanin Turawa. A cikin 'yan kallo ba a rasa baƙi daga ƙasashen waje, kowa da na'urar ɗaukar hoto a wuya. To, amma da zarar an sauka daga hawa, kashegari sai ka ga sun ɗaure kayansu daga masaukan da ke unguwar Nassarawa sun nufi filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Abin tambaya shi ne, me ya hana su ƙara kwana biyu ko uku?

Ba yau Kano ta fara karɓar baƙi ba. Kyaftin Clapperton ya shigo birnin a 1824, Dokta Barth kuwa ya zo a 1851, ya kuma rubuta yadda ake kai tufafin da aka saƙa aka rina a Kano har Tambutu da Tarabulus. A 1909 ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, kuma gidansa na ƙasa yana nan a tsaye a hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Hawan dawaki shi ma ya daɗe da yin suna a duniya, domin an yi wa Sarauniyar Ingila gagarumar daba a Kaduna a 1956, an kuma sake yin wata a can lokacin bikin FESTAC na 1977. Bugu da ƙari, a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ta gada.

Sai dai fa hawa abu ne na kwana huɗu ko biyar, sau biyu a shekara, kuma ba kullum yake samuwa ba. A 2020 annobar korona ta hana shi, sa'an nan a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 'yan sanda sun dakatar da shi saboda dalilan tsaro. Watau ke nan, idan muka jingina yawon buɗe ido ga hawa kaɗai, duk shekarar da ba a hau ba mai masauki da direba da baduku da tafinta sun tashi a tutar babu.

A nan ne ya kamata mu leƙa ƙasar Japan, wadda ita ma tana da sarauta mai daɗaɗɗen tarihi da bukukuwan shekara, amma ba ta tsaya gare su ba. A 2003, lokacin da gwamnatinsu ta ƙaddamar da shirin jawo baƙi, mutanen da suka ziyarci ƙasar ba su wuce miliyan 5 da 'yan kai ba. A 2019 sun kusa miliyan 32, a 2024 kuwa sun zarce miliyan 36. Dalilan wannan bunƙasa suna da yawa, har da sassauta ba da biza da kyawun jiragen ƙasa da faɗuwar darajar kuɗinsu. Amma akwai dabara guda da ba ta bukatar dukiya mai yawa, ita ce ba sa barin baƙo ya tsaya a ɗan kallo, sai sun sa shi ya taɓa abin da hannunsa.

A birnin Kyoto, tsohuwar fadar mulkinsu, baƙo yakan biya kuɗi ya ari rigar gargajiya da ake kira kimono ya yini da ita, ko ya zauna a koya masa ladubban haɗa shayi, ko rubutu da burushi. A lardin Tokushima, inda aka shahara da noman baba, akan ba shi farin ƙyalle ya ɗaure da kansa, ya tsoma a tukunyar rini, ya tafi gida da abin da ya rina. Wannan kuwa kowace rana ana yi, da lokaci tsayayye da farashi a rubuce.

Haka nan ba su raina abin da matasansu suka ƙirƙiro ba. Littattafan labarai masu zane, da suke kira manga, da finafinan zane masu motsi, a da ana ganinsu abin yara ne, yau kuwa su ne suke jawo matasa daga Turai da Amurka da Asiya. A 2001 aka buɗe gidan tarihi na kamfanin Ghibli a Mitaka, kusa da Tokyo, wanda ba a shigarsa sai da tikitin da aka saya tun kafin ranar. A 2006 kuma aka mayar da wata tsohuwar makarantar firamare a Kyoto gidan adana littattafan manga, inda baƙo zai ɗauki littafi ya zauna ya karanta.

Idan muka dawo gida, wanne ne daga cikin waɗannan Kano ta rasa? Ga karofin Ƙofar Mata, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, inda har yanzu ake haɗa baba da toka da kanwa a bar su su tsima kafin a tsoma zane, ga kuma mabuga a kusa suna bugun tufa har ta yi ƙyalli. Ga Kasuwar Kurmi da Gidan Makama, waɗanda duka suka samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Ga dukawa da maƙera da masu ɗinkin hula, ga dambe da kokawa. Amma abin da aka saba shi ne a kawo baƙo ya tsaya na ɗan lokaci, ya ɗauki hoto, ya ba da abin goro, ya wuce. Da yawa daga ramukan rinin sun daina aiki, domin yadin kanti da rinin zamani sun fi araha, kuma 'ya'yan marina suna barin sana'ar. Da za a tsara yadda baƙo zai biya kuɗin koyo na awa biyu, ya ɗaure ya rina da kansa, da marini ya sami abin da ya fi abin goro, ɗansa kuma ya ga dalilin tsayawa.

Ta fannin al'adun zamani ma ba a bar mu a baya ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 Kano ta zama cibiyar littattafan soyayya, inda marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino suka yi fice, har aka fassara littafin Balaraba mai suna Alhaki Kuykuyo Ne zuwa Ingilishi aka buga shi a Indiya a 2012. Fim ɗin Turmin Danya na 1990 shi ake ɗauka mafarin sana'ar da a yau ake kira Kannywood, wadda ake kallon finafinanta a Nijar da Ghana da Kamaru da Sudan. Wannan yana tuna mana cewa baƙonmu na farko ba lallai ne ya zama Bature ba. Bahaushen Maraɗi ko na Kumasi da ya zo sayayya Kantin Kwari zai so ya ga inda ake shirya finafinan da yake kallo a gida.

Ba mu ce hanyar ba ta da ƙaya ba. Hare-haren 20 ga Janairu 2012 sun sa baƙi da yawa sun ƙaurace wa Kano, kuma ba wanda zai je inda hankalinsa bai kwanta ba. Har ila yau akwai batun mutuncin mai gida. A 2016 an janye shirin gina ƙauyen shirya finafinai a Kofa bayan da malamai da jama'a da dama suka nuna rashin amincewa, abin da ke nuna cewa shawara da mutanen gari ita ce matakin farko. Japan ma ta ɗanɗana nata. A unguwar Gion ta Kyoto, sai da mazauna suka hana ɗaukar hoto a lungunansu a 2019 tare da tarar yen 10,000, a 2024 kuma suka rufe wasu lungunan ga baƙi, saboda yadda ake damun mata masu kiɗa da rawar gargajiya. Mu da muke da gidajen kulle da masallatai da maƙabartu, ya fi kyau mu rubuta ƙa'idojinmu tun baƙin ba su yi yawa ba.

Saboda haka, ga ma'aikatan da wannan nauyi ya rataya a wuyansu, aikin farko ba gini ba ne. A zauna da shugabannin marina da dukawa da marubuta da 'yan fim a tsayar da ranaku da farashi, a buga ɗan littafin jagora da Hausa da Ingilishi da Faransanci da Larabci, a ajiye a kowane masauki na Nassarawa, a kuma mai da harabar Gidan Ɗan Hausa mafarin rangadin. Ɗaliban tarihi da na harsuna a Jami'ar Bayero, da matasan Gawuna da maƙwabtanta da suka gama makaranta suke zaman jiran aiki, su ne ya kamata a horar su zama 'yan jagora, a ba su takardar shaida. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Baƙo zai zo ya tafi, amma marini da baduku da marubuci suna nan, kuma domin su ne ya kamata a fara wannan aiki kafin wata Sallar ta zagayo.